Sunan da Ke Kan Takardar Gidan Gumani

Gumani, Tamale
Ranar Alhamis

Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki Idirisu, da fatan kun tashi lafiya kuma ɗaurin kaya bai gajiyar da ku ba. Allah ya sa tafiyarku ta jibi Asabar zuwa Kumasi ta zama ta alheri, ya tsare ku a hanya, ya sa ku sauka cikin mutanen kirki.

Za ki yi mamakin ganin takarda daga gare ni, alhali tsakanin Gumani da ɗakinku na Tishigu bai fi minti goma a babur ba. Sau biyu na zo cikin makon nan da niyyar in faɗa da baki. Zuwan farko na tarar da ƙawayenki na asibiti sun zo sallama. Zuwa na biyu babu kowa, ni ne dai na kasa. Na sha ruwa, na tambayi ƙarfe nawa motarku za ta tashi, na miƙe. Ke da kike ɗauke da sunan mahaifiyata, akwai maganar da ba zan iya kallon idonki in yi ba.

Ranar Lahadi da kuka zo cin tuwo na ji Idirisu yana cewa kun sami fuloti a bayan Kumasi, kun haɗa kuɗi ku biyu, naki na albashi da nasa, kuma kawunsa da ya daɗe a can shi zai je ya gaida sarkin wurin ya karɓo muku takarda, tun da shi aka sani. Kowa ya ce madalla. Ni ma na ce madalla. Amma tun daga ranar ban zauna wuri ɗaya ba. In ɗauki jarida in ajiye, in fita ƙofar gida in dawo, har Mmarki ta ce ko kuɗin cizo ne a tabarmar.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gidan nan da kika girma a ciki, a takarda ba na Mmarki ba ne, ba kuma nawa ba ne. Sunan Yaya Sule ne a kai, Allah ya jiƙansa. Tun da ya rasu gidan ya shiga cikin kayan gadonsa, kuma gobe Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mmarki za ta dafa Alƙur'ani ta rantse cewa nata ne. Mun ɓoye muku saboda bikinki. Laifin nawa ne daga farko har ƙarshe, kuma zan gaya miki yadda na yi shi, don hanyar da na ji kuna shirin bi ita ce na bi.

Kina da shekara biyu muna zaune a gidanmu na gado a Moshi Zongo, inda sai mutum ya yi sammako kafin ya sami banɗaki. Mmarki na sayen shinkafa daga hannun manoma, ta turara ta, ta shanya, ta kai inji, ta sayar a kasuwar Aboabo. Albashina na aikin jarida a cefane da magani yake ƙarewa. Ita kuwa shekara huɗu tana zubin susu, wato adashi, da matan kasuwa ba ta taɓa fashi ba. Ranar da ta kwasa ta zo ta kwance bakin zane ta ajiye kuɗin a gabana.

Ta ce, "Malam, na gaji da shanya shinkafa a ƙofar mutane ana tsallake mini ita. Ka nemo mini fili, ko a daji ne."

Gumani a lokacin daji ɗin ne, gonakin masara da itatuwan kaɗanya. Mba Alhassan, manomin da take sayen shinkafa a wurinsa, shi ya nuna mana wurin, shi kuma ya ce zai kai mu gidan sarki. A zamanin ba a saba mace ta je neman fili gaban sarki ba. Ƙane kuma ba ya zuwa irin wannan wuri ya bar wansa a gida. Sai na ɗauki Yaya Sule.

Muka tuɓe takalma muka tsuguna. Aka miƙa goro ga Wulana, dattijon da ke isar da magana ga sarki. Yaya ne ya yi bayani, don shi ne babba kuma ya fi ni Dagbanci. Ni ina bayansa ina tafa hannu a hankali, ina cewa "Naa, naa" duk inda ya kamata. Sarki ya amince. Magatakarda ya buɗe littafi, ya dubi wanda ya yi magana, ya tambayi suna. Yaya ya faɗi nasa. Ban ce da mugun nufi ya yi ba. An tambaye shi sunansa ne, ya faɗa.

Da kunnena na ji. Kalma ɗaya ta ishe ni a wurin. Amma ta yaya zan gyara wa wana magana a gaban sarki da dattawa? Na ce a raina in mun fita sai a gyara.

Da muka fito wajen kekunanmu na duba takardar, na ce, "Yaya, sunanka aka sa."

Ya ce, "To sai me? Ni da kai akwai bambanci ne? Ko tsoro kake in naɗe filin in sa a aljihu?"

Ya yi dariya, ni ma na yi. Mba Alhassan bai yi ba. Ya ce da Hausarsa ta kasuwa, "Malam, takarda ba shi da ɗan'uwa." Na ɗauka ba'ar tsofaffi ce.

Ni da ake biyana albashi don kada sunan wani ya fita a jarida da harafi ɗaya ba daidai ba, na bar sunan matata gaba ɗaya ya faɗi a ƙofar gidan sarki saboda kunya.

Don haka, Uwata, ku je da ƙafarku, ke da Idirisu. Kawu ya raka ku, ya yi gaba, ya miƙa goro, ya yi magana, wannan girmansa ne kuma kada ku rage masa ko kaɗan. Amma kafin a shiga ku rubuta sunayenku a 'yar takarda yadda suke a katin shaidarku, ku ba magatakarda a hannu. In an gama ki karanta abin da aka rubuta kafin ki sa takalminki. In rabi kika zuba, a rubuta rabi. In kashi ɗaya cikin uku ne, a rubuta haka. Ki kuma sani takardar sarki mafari ce kawai. Bayanta akwai safiyo mai awo da taswirar fili, akwai zuwa ofishin filaye a duba ko an riga an ba wani wurin, akwai rajista. Duk sunan da ya shiga takardar farko shi ke bin sauran har ƙarshe. Girmama babba wajibi ne, amma ban ga littafin da ya ce a girmama shi da filin mace ba.

Kuskurena na biyu ya fi na farko muni, don na farko kunya ce, wannan kuwa ƙarya.

Na dawo gida na ba Mmarki takardar. Kin san ta, tana karanta Alƙur'ani, a lissafin ka kuwa babu wanda ke riga ta, amma ba ta yi boko ba. Ta ce in karanta mata. Na karanta lambar fuloti, da tsawonsa da faɗinsa, da sunan sarki. Na tsallake layi ɗaya. Ta karɓa ta juya ta, ta ɗora yatsa daidai kan layin, ta ce, "Nan ne?"

Na ce, "Nan ne wurin suna."

Ta shafa wurin, ta naɗe takardar a leda, ta sa a ƙasan kwallarta.

Na ce wa kaina wata ɗaya ne, in Yaya ya sami sarari mu koma a gyara, ba sai ta ji ba. Wata ya zama shekara. Safiyo ya zo ya kafa duwatsun iyaka, ya kwafi sunan da ya gani. Ta fara gini, bulo ɗari yau, buhun siminti biyar bayan girbi. Ɗaki ɗaya muka fara rufawa da kwano muka tare, tagogi da buhu a toshe. Shekara goma sha ɗaya kafin gidan ya zama yadda kika san shi, kuma babu ɗakin da ba za ta gaya miki shekarar da shinkafa ta yi shi ba. Abin da na sa daga aljihuna ƙofar waje ce da fenti.

Da aka jawo wuta, mita ma ta bi sunan. Kowane wata ni ke tare mai kawo takardar wuta a ƙofa. Ban san ko kin tuna ba, kina aji uku kin taɓa ɗaukar ta a kan tebur kika ce, "Baba, me ya sa sunan Baba Babba yake a nan?" Na ce shi ya taimaka aka jawo mana. Kika ce to, kika fita wasa. Ranar na san abin ya wuce gaban mantuwa, tun da har ya kai ni ga yi wa 'yata ƙarya. Duk da haka ban yi komai ba.

Kada a sami takarda a gidanku da ɗayanku bai karanta ba. Ke kin yi karatu, wannan ba zai same ki ta hanyar da ya sami Mmarki ba, amma zai iya samunki ta hanyar "bar shi, na yarda da kai". Yarda daban, karatu daban. Ku zauna ku biyu tun yanzu da kuke ɗasawa, ku rubuta abin da kika zo da shi, da abin da ya zo da shi, da abin da kuka haɗa. Aure a addininmu ba ya narkar da dukiya ta zama ɗaya. Sadakinki naki ne, albashinki naki ne. In kin sa kuɗi a abinsa ki faɗa a fili kyauta ce ko tarayya, don abin da ba a ba suna ba yau, magada ne za su raɗa masa suna gobe. In ya ɓata rai ki tuna masa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shi ma kariya ce gare shi, don in kin riga shi tafiya 'yan'uwanki ba za su ce duka naki ne ba.

Ku kuma yi wa aurenku rajista a wurin hukuma. Ɗaurin auren masallaci ya isa a wurin Allah da mutane, amma ranar da aka je banki ko kotu takarda suke tambaya. Na karanta cewa dokar filaye ta yanzu ta fi ta da kula da abin da ma'aurata suka samu tare. Ku tambayi lauya ya yi muku bayani, kada ku dogara da ni. Abin da na tabbatar shi ne babu dokar da ta san da matar ƙane a filin da ke ɗauke da sunan wa.

Kada ki ce ban taɓa tayar wa Yaya da maganar ba. Na tayar, amma irin tayarwar da mutum ke yi yana fatan a ce masa sai wani lokaci. Shi kuwa kullum haka yake cewa. Sai bayan salla. Sai ya dawo daga Makka. Sai an naɗa sabon sarki, tun da tsohon ya rasu kuma dole a sake kai goro. Ni ma ina jin daɗin jinkirin, don ranar da za a gyara ita ce ranar da Mmarki za ta sani.

Bara da ɓarin jikinsa ya shanye na tsorata. Na je wurin lauya ya rubuta takardar mayar da filin ga mai shi, saura sa hannu kawai. Na ninke ta na sa a aljihun gaba. Kwana tara ina zuwa asibiti da ita. Amma kin san mu. Ka miƙa wa marar lafiya takarda ya sa hannu, kamar ka gaya masa ka gama ƙirga masa kwanaki ne. Ga matarsa zaune, ga 'ya'ya suna shiga suna fita. Me za su ce? Ƙanen babansu ya zo da takardar fili tun bai cika ba.

Rana ɗaya da hantsi muka rage mu biyu. Ya dube ni, bakinsa a karkace, da ƙyar ya ce, "Akwai magana ne?"

Na ce, "Babu, Yaya, sai fatan sauƙi."

Ya dubi aljihuna ya daɗe. Ya ce, "In na tashi mu je Gumani."

Na ce, "Allah ya tashe ka."

Bai tashi ba. Yanzu na gane ƙofa ya buɗe mini, shi ma abin yana damunsa, ni na rufe ta. Na zaci ina tausaya masa ne, ashe na bar shi ya tafi da hakkin wata a kan sunansa.

Irin wannan magana da lafiya ake yin ta, ranar da babu abin da ya faru, ana shan koko ana dariya. Mutanenmu na cewa rubuta wasiyya kiran mutuwa ne. Yaya bai rubuta ba, ta zo. Ki san cewa wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a yi wa magaji. Wanda ke son bai wa matarsa ko ɗansa wani abu, ya ba shi yana raye, ya damƙa masa a hannu, a rubuta, a yi shaidu. Shaidun kuma ki nemi waɗanda kika girma. Na san baƙon abu ne, mun saba kiran dattawa. Amma cikin duk waɗanda suka zauna a zauren sarki ranar, sarki ya tafi, Wulana ya tafi, magatakarda ya tafi, Yaya ya tafi. Saura ni da Mba Alhassan, shi ma ido ɗaya ya mutu.

Bayan addu'ar arba'in aka zauna rabon gado a gidan Yaya, gaban Malam Hudu limaminmu. Ke kina bakin aiki ranar. Rashidu, tun da shi ne babban ɗa, ya yi abin da ya kamata, ya je ofishin filaye ya sa an duba duk abin da ke sunan mahaifinsa. Ya tashi yana karantawa. Shago a kasuwa. Babur biyu. Ɗakuna a gidan Moshi Zongo. Sai ya ɗan tsaya, ya ce, "Da fuloti a Gumani, da gini a kansa."

Mata suna ciki bayan labule. Sai na ji muryar Mmarki.

"Wane Gumani?"

Rashidu ya ce, "Mma, haka na tarar a rubuce."

"Ba kai nake tambaya ba. Malam, wane Gumani?"

Da ni take. Abin da na kasa faɗa mata mu biyu a ɗaki shekara ashirin da shida, ranar na faɗe shi gaban liman da surukai da 'ya'yan wana.

Ba ta hau babur ɗina ba, keke mai ƙafa uku ta tara. Da na iso na tarar ta sauke kwanukan kwallar duka a tsakar gida, takardar na kan tabarma.

Ta ce, "Zauna. Karanta. Da ƙarfi, kada ka tsallake."

Na karanta har layin.

Ta ce, "Duk shekarar da kasuwa ta karye ni, sai in ɗauko takardar nan in shafa wurin nan in ce komai ya tafi wannan nawa ne. Ashe sunan wanka nake shafawa. To Allah ya kai masa ladan." Ta miƙe ta ce, "Matsa, shinkafata na wuta."

Mako biyu ba ta ce mini komai ba sai "ga abinci".

Washegarin rabon gadon da safe Rashidu ya zo, ya tsuguna a bakin ƙofa. Ina so ki ji abin da ya faɗa don kada ki riƙe shi a zuciya.

Ya ce, "Baba Ƙarami, wallahi na san gidan Mma ne. A nan nake cin tuwon salla tun ina yaro. Rabona na yafe tun yanzu, manyan ƙannena ma haka. Amma Sadiya da Mubarak ba su balaga ba. Ba ni da ikon yafe nasu. In na goge layin nan da hannuna, me zan ce wa Allah?"

Gaskiyarsa ce. Na gaya masa haka.

Muka koma wurin Malam Hudu. Ya ce takarda ta ce Sule, wanda ya ce ba haka ba shi zai kawo shaida. Na yi wuf na ce ni shaida ne, a gabana aka yi komai.

Ya ce, "Haba, kai da ka yi karatu. Shaidar miji ga matarsa ba ta tsayawa."

Ni da na fi kowa sanin gaskiyar, ranar da na shirya faɗinta ba ta da amfani. Rashidu da ƙannensa gini suka gani, ba su ga saye ba. Aka ɗauko Mba Alhassan, ya zauna ya faɗi komai tiryan-tiryan, har da cewa matata ce ta aiko shi neman fili kuma kuɗin shinkafa ne. Da ya gama ya juyo da idonsa mai gani wajena.

Malam ya ce, "Shaida ɗaya ke nan. A maganar dukiya, in shaida ɗaya ne, sai mai da'awa ta cika da rantsuwa."

Kin san abin da rantsuwa take a wurinmu. Mutum yana da gaskiyarsa zai bar saniya ta tafi da ya dafa Alƙur'ani. Kakanki na wajen uwa gona guda ya bari saboda haka. Kuma ko an rantse a kan gaskiya baki ba ya shiru. Duk ciwon kan da ya same ta nan gaba, akwai wadda za ta ce a kasuwa, "Ai tun da ta rantse a kan gidan nan."

Sai na nemi mafita. Ina da ɗaki biyu a gidan Moshi Zongo, rabona na gadon mahaifinmu. Na tambayi Malam ko zan iya ba marayun ɗakunan a madadin rabonsu na Gumani a rufe maganar. Ya ce sulhu ya halatta in marayu ba su cutu ba. Na dawo da murna, ina ganin karo na farko na yi abin kirki a lamarin. Na same ta tana baza shinkafa a kan siminti.

Ta saurara har na gama, ba ta ɗago ba. Ta ce, "Wato za ka biya su kuɗin gidana."

Na ce, "Sulhu ne, Hajara."

"Sulhu tsakanin wa da wa? Ni ba ni da rigima da marayu. In ka ba da ɗakunan nan ka yarda ke nan gidan na ubansu ne, mu muka saya a hannunsu. Na sayi gidan nan sau ɗaya, da bayana da hayaƙi a idona. Ba zan saye shi sau biyu ba."

Na ce, "Rantsuwa fa?"

"Maƙaryaci Alƙur'ani ke ci. Ka ce wa Malam ya sa rana, amma bayan bikin yarinya." Ta ci gaba da baza shinkafarta, can ta ƙara da cewa, "Ka riƙe ɗakunanka. Ranar da na kore ka ka sami wurin kwana."

Wannan ce doguwar maganar da ta fara yi mini tun ranar rabon gado, kuma na karɓe ta hannu biyu.

Na yi ta tunani a kan ƙin da ta yi. Ni so nake in saye kaina daga kunya, in ba da ɗaki biyu don kada in tsaya in ga abin da na jawo. Ita kuwa ba gini kaɗai take nema ba. So take a faɗa a gaban mutane cewa ita ta saya. In wata rana kika ɓata wa mijinki, ko ya ɓata miki, kada ɗayanku ya rufe wurin da kyauta. A fara faɗin abin da ya faru, kyauta ta biyo baya in za ta biyo.

Ga inda muke. In ta rantse gobe, Malam zai cire gidan daga kayan gado, Rashidu da manyan ƙannensa su sa hannu, Rashidu ya kuma sa a madadin ƙanana. Ranar Litinin mu je wurin lauya, daga nan gidan sarki da sabon goro, daga nan ofishin filaye. Lauya ya tambaya ko a haɗa da sunana tun da mata da miji ne. Na ce a'a. Nata ne ita kaɗai. In na riga ta, babu wanda zai ƙirga shi cikin kayana. In ta riga ni, in ci rabon da Allah ya yanka wa miji, ku ci naku. Ban san wata nawa ofishin zai ɗauka ba, kuma ban ga alamar zan sami natsuwa ba sai na riƙe takardar na karanta mata ita.

Abu biyu nake roƙonki.

Ki sa Idirisu ya kira kawunsa yau, ba gobe ba, ya ce masa cikin ladabi ya dakata har ku iso, kuna so ku je ku gaida sarki tare da shi. In Idirisu ya ga kamar ana zargin danginsa ne, ki ba shi takardar nan ya karanta. Ban rubuta abin da nake jin kunyar surukina ya gani ba, ko in ce na ji kunyar na gama. Yaya Sule mutumin kirki ne, bai taɓa cin ƙwayar shinkafar kowa ba, ga shi kuma inda muka tsinci kanmu.

Na biyu, ki zo gobe. Ƙarfe biyu ne, a zauren Malam Hudu. Mmarki ba ta ce in gaya miki ba, za ta ma yi faɗa in ta gan ki, ki bar ta ta yi. Jiya na ga ta wanke farin mayafinta ta goge, ta tambaye ni sau biyu ko da alwalar Juma'a za ta iya yi ko sai ta sake. Ba ta ce tana tsoro ba, amma shekara talatin muna tare. Ni ba zan iya tsayawa kusa da ita ba, wurina cikin maza ne, kuma ba fuskata take son gani a lokacin ba. Ke ki tsaya. Ki zo da Idirisu, ya zauna inda zai ga hannunta.

Allah ya ba ta ƙarfin zuciya, ya yafe mini, ya jiƙan Yaya ya sauke masa abin da na ɗora masa. Ku kuma Allah ya kai ku Kumasi lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mutane, ya sa filin da za ku saya ya zama wurin zaman lafiya gare ku da zuriyarku. In kun sauka ki kira Mmarki kafin ki kira ni.

Wassalamu alaikum.

Babanki